Gejin freshan mai a motar dizal: wanne zaka saya, ina zaka jona shi, kuma me allurar take gaya maka

Malam, tambayarka ta iso, bari in maimaita ta a taƙaice saboda masu karantawa su san daga ina muka taso. Kace kana da Dodge Ram 2500 ƙirar 2001 mai injin Cummins 5.9, kwanan nan aka canza maka babban famfon injekta, kuma bakaniken da yayi aikin yace lallai ka sa gejin freshan mai kafin sabon ma ya bi sahun tsohon. Shine kake son sanin wane iri zaka saya, na lantarki ko na tiyo, a ina ake jona shi, sannan lamba nawa ya kamata ka rinƙa gani.

Toh da farko dai wannan bakaniken ka riƙe shi hannu bibbiyu, ya gaya maka gaskiya. Motarka tana cikin waɗanda aka yi daga tsakiyar 1998 zuwa 2002, masu bawul 24, kuma famfon da ke kansu shine Bosch VP44. Shi wannan famfon ba baƙin mai ne yake masa santsi ba kamar tsohon P7100 na injin bawul 12, man dizal ɗin da ke ratsa shi shine yake masa santsi kuma shine yake sanyaya shi, har da ƴar kwamfutar da ke zaune a samansa. Mafi yawan man da ke shiga cikinsa ma ba ƙonewa yake ba, wucewa yake ya kwashi zafi ya koma tanki ta wani ɗan bawul da ke buɗewa idan fresha ta kai wajen psi 14, psi shine ma'aunin da ake auna fresha da shi. Wanda yake turo masa man kuwa wani ƙaramin famfo ne na lantarki da kamfani ya ɗaura a jikin injin, ɓangaren direba, inda yake shan zafi da jijjiga kuma yana jawo mai tun daga tanki mai nisa. Abin da yasa lamarin yake da haɗari shine idan ƙaramin ya mutu motar bata tsayawa, saboda VP44 yana da nasa ɗan abin zuƙo mai a ciki, sai ya cigaba da ja da kansa, mota na tafiya lafiya lau a ganinka, babu wutar da zata kama a dashbod, alhali babban famfo yana ta gasuwa. Sai ranar da ta fara ƙin tashi idan tayi zafi, ko ka taka totur ta ƙi amsawa, ko a sa na'ura a ga lambar matsala P0216, lokacin aikin gama ya riga ya gama. Saboda haka aikin gejin guda ɗaya ne, ya nuna maka abin da ke isa bakin babban famfo a lokacin da injin yake aikin wahala. Duk shawarar da zan baka a ƙasa daga nan ta fito.

Kafin komai ina roƙonka da Allah ka bambance layi biyu. Akwai layin ƙaramar fresha, wanda ya taso daga tanki ya bi ta ƙaramin famfo da filta ya shiga babban famfo, nan ne wurin aikinmu. Akwai kuma bututan ƙarfe da suka fita daga babban famfo zuwa nozul, waɗannan ko kusa kada ka yi tunanin jona wani abu a jikinsu. Freshan da ke ciki dubban psi ne, a injinan kwaman rel, wato masu bututu ɗaya da ke tara mai ya raba wa duka nozul, na 2003 zuwa sama ma yana haura psi 20,000, tsirin man da zai fito ta ƙaramin tsagu yana huda fata ya shige cikin nama, ramin kamar na allura amma yana iya jawo a yanke yatsa ko hannu. Kada ka taɓa laluben yoyo da hannu injin na aiki, in kuma tsautsayi yasa ya huda mutum to asibiti kai tsaye a lokacin, ba sai gobe ba, kuma a gaya wa likita cewa man dizal ne ya shiga. Masu kwaman rel da suke son ganin freshan rel, ana karanta shi ne daga sansar da kamfani ya riga ya sa, ta soket ɗin OBD da ake jona na'urar gwaji ko ta wayar sansar, ba a huda komai.

Yanzu maganar wanne zaka saya. Na tiyo shine wanda man da kansa yake bin siririn tiyo ya je ya tura allura, baya buƙatar sansa, baya cika yin ƙarya, kuma yana daɗewa. Matsalarsa ɗaya ce amma babba ce, wato zaka shigo da man dizal cikin ɗakin direba. Ranar da tiyon ya goge ko noti ya saki, man zai rinƙa tsiyaya bayan dashbod kan wayoyi da kafet, ga wari da baya fita ga haɗarin gobara. Shi yasa ake haɗa shi da wani ɗan gwangwani mai raba ruwa biyu, cikinsa akwai fatar roba a tsakiya, gefe ɗaya dizal, ɗaya gefen ruwan sanyaya injin ne ake ɗurawa har zuwa gejin, ta yadda abin da ke shigowa ciki ba mai bane. Yana aiki, amma yana da saurin fushi, inde iska ko kaɗan ta maƙale a layin ruwan to lambar zata rinƙa nuna ƙasa da gaskiya, sannan tsayi ma yana taɓa shi, kowane santimita 70 da geji ya ɗara gwangwanin sama kana rasa kusan psi 1. A layin da duka duka psi 15 ne wannan ba ƙaramin abu bane.

Ni a ganina na lantarki zaka saya, mai sansa mai waya uku. Sansar tana can wajen injin, waya kawai ke shigowa ciki. Mai waya uku yana karɓar bolt 5 daga gejin, yana da tasa wayar at, wato ta negatif, sannan ya mayar da sigina tsakanin bolt 0.5 zuwa 4.5, ya fi tsohon samfurin nan mai waya ɗaya daidaito nesa ba kusa ba. Kamfanoni irin su Isspro da AutoMeter duk suna yin su. Abin da zaka duba sosai shine iyakar lambar da ke fuskar gejin, naka ya zama 0 zuwa 30 psi. Mutane da yawa suna ɗauko mai 0 zuwa 100 saboda shi suka samu, sai ka ga bambancin 14 da 9 bai fi kaurin allurar ba, kana tuƙi bazaka taɓa lura ba, alhali a wannan ƴar tazarar lafiyar famfonka take. In gejin da bar aka rubuta shi, bar 1 shine psi 14.5, kaga kenan mai bar 2 ya maka daidai.

Sai wurin jonawa, kuma anan ne nake so ka nutsu don anan aka fi yin ɓarna. Dole ya zama bayan filta, kafin babban famfo. Idan ka jona tsakanin ƙaramin famfo da filta, ranar da filta ta toshe allurarka sama ma zata yi, kana murna fresha ta ƙaru alhali can gaba famfo yana fama da ƙishi. Wurin da ya fi dacewa a motarka shine notin banjo da ke ƙarƙashin gidan filta, inda man da aka tace yake fita. Notin banjo shine wannan noti mai rami a ciki da yake ratsa zoben ƙarshen bututu. Ana sayar da irinsa wanda aka riga aka huda kansa aka yi masa tiredi, girmansa M12 x 1.5 ne, ramin kansa kuma 1/8 NPT, wato samfurin tiredin fayif na Amurka, cire na kamfani kawai zaka yi ka ɗaura wannan. Masu ƙirar 1998 da 1999 su sun huta, akwai ƴan toshe guda biyu a saman gidan filtarsu, ɗaya na shiga ɗaya na fita, sai su tabbatar sun ɗauki na fita.

Zaka ga wani ɗan bawul kamar na taya a bakin VP44 ɗin, kuma da yawa zasu ce maka ai nan ne ya fi sauƙi, kuma shine ya fi kusa da famfo. Gaskiya ne ya fi sauƙi, kuma don gwaji na ɗan lokaci dama aka yi shi. Amma ni bana son a zaunar da sansa a wurin. Dalili kuwa duk sanda famfon ya rufe hanyar mai a cikinsa, wani bugu yana dawowa baya ta cikin layin, sau da yawa a kowane sakan, kuma a bakin famfon bugun ya fi ƙarfi. Ido baya ganinsa a gejin lantarki saboda an lausasa motsin allurar, amma ƴar fatar da ke cikin sansa tana shan sa dare da rana har ta gaji, sai ka ga geji ya fara nuna sifili ko ya maƙale a sama, mutum ya ce ai kayan ne jabu, ya sake saya, shima ya mutu. A na tiyo kuwa zaka ji shi da kunnenka, yana ƙara kamar an saki ƙudan zuma a bayan dashbod, allura na rawa har ta karye. Matsawa baya zuwa ƙasan filta yana rage bugun, amma baya kashe shi duka.

Abin da ke kashe shi abu biyu ne, kuma ni duka biyun nake sawa. Na farko ƙaramin bawul mai allura na 1/8 NPT, ko kuma sinoba, wato ɗan noti mai siririn rami da ake sawa gaban sansa. Na biyu kada ka ɗaura sansar a jikin injin kai tsaye, injin Cummins jijjigarsa ba wasa bace, ka sa guntun tiyo tsakani ka kai sansar jikin bodi ka ɗaure ta a can. Tiyon bindigar giris yana yin wannan aikin da kyau, yana da ƙarfi, mai baya cinsa, kuma yawanci bakinsa 1/8 NPT ne, sai dai ka duba da kyau don akwai masu wani samfurin tiredi da ake kira BSP, NPT zare 27 ne a inci shi kuma 28, zasu fara shiga kamar sun dace, zagaye biyu uku sai su cije, in ka matsa da ƙarfi ka ɓata tiredin kuma yoyo bazai daina ba. Jerin dai shine notin banjo, bawul mai allura a kansa, tiyo, sannan sansa. Amfanin bawul ɗin a farko shine ko tiyo ya fashe a hanya murɗa shi kawai zaka yi ka rufe ka cigaba da tafiyarka. Kuma dan Allah banda kayan famfon ruwa masu rufin zinki, dizal yana narkar da zinkin a hankali ya kai shi kan nozul.

Ranar aikin ka bari injin ya huce, ka cire wayar negatif ta batir duka biyun don motarka batir biyu gareta, cire ɗaya bai kashe wuta ba. Ka wanke kewayen gidan filta tas kafin ka kwance komai, saboda duk abin da ya faɗa ta wannan wurin ya riga ya wuce filta, babu mai tare shi sai cikin famfo. Ka buɗe ɗan bawul ɗin zubar da ruwa na jikin filta ka tsiyaye man cikin roba, in ba haka ba kana sassauta notin zai biyo hannunka har gwiwa. Wurin matsattse ne, kusan da lalube zaka yi, kuma akwai washa guda biyu, ɗaya sama da zoben ɗaya ƙasa, ta saman tana son maƙalewa a jikin gidan filta, ka sa farce ka tabbatar ta fito, don in sabuwa ta hau kan tsohuwa sai ya yi yoyo. Sabbin washa zaka sa, kada ka maida tsofaffi. Ka fara ɗaura notin da yatsu har sai ya zauna, sannan ka ƙarasa da sifana zuwa Nm 24, wato 18 a ma'aunin fam da ƙafa. Kada ka ce bari in ƙara ɗan kaɗan don ya riƙe, noti ne mai rami a ciki kuma yanzu an ƙara huda kansa, tsinkewa yake yi ba tare da gargaɗi ba.

Maganar abin toshe tiredi kuma, su tiredin NPT suna buƙata, shi banjo baya buƙata don washa ce ke riƙe shi. Na fi son na ruwa wanda aka rubuta yana jure dizal. In farin tef zaka sa, ka bar zare biyu na farko tsirara, saboda guntun tef yana yankewa ya shiga layi ya je ya toshe ɗan ramin sinoba ko ya wuce famfo. In kuma sansarka mai waya ɗaya ce, ka sani ta jikin tiredinta take samun at, tunda ka ɗaura ta kan tiyon roba sai ka ja mata wayar at daban daga jikinta zuwa bodi, in ba haka ba ko motsi allurar bazata yi ba.

Wayoyi ba wuya. Ka bi ta robar da ke jikin bangon da ya raba injin da ɗakin direba, in zaka huda sabon rami ka leƙa bayansa tukuna kuma ka sa masa roba, kada waya ta kwanta kan ƙarfe mai kaifi. Ka nisanta ta da salansa da sandar sitiyari da fedar birki, ka ɗaure ta tazara tazara. Wutar gejin ka ɗauko daga layin da yake kawowa sai an murɗa ki, ka sa mata ƙaramin fis nata, ta fitilar gejin kuma ka haɗa da layin fitilun dashbod. At ɗin shine abin da nake so ka ba muhimmanci, ka kankare fenti ka ɗaure a ƙarfe mai kyau, kada ka rataya shi a duk wani sukurun da ka gani. Alamar at mara kyau itace ka kunna fitila ko fankar AC ka ga allurar ta motsa, fresha bata canza ba, wutar ce take wasa. Geji kuma ya zauna inda idonka zai faɗa kansa ba tare da ka sauke kai ba, ginshiƙin gefen gilashi ko saman sitiyari. Wanda aka ɓoye can ƙasa wajen gwiwa babu mai kallonsa a kan hawa, kuma a kan hawa ne ake buƙatarsa.

In ka gama ka maida batir, kada ka tada ta kai tsaye tunda ka zubar da man filta. Ka ɗan taɓa ki zuwa sitata ka saki ba tare da injin ya kama ba, ka bar shi a kunne, zaka ji ƙaramin famfo yana ƙugi wajen sakan 25, ka maimaita sau uku ko huɗu har filta ta cika. A wannan lokacin ka ɗan sassauta sansar daga bakin tiyo har mai ya leƙo sannan ka ɗaure, iskar da ke cikin tiyon ta fita kenan. Sai ka rufe bawul mai allura gaba ɗaya ka tada injin. Geji zai nuna sifili, kada hankalinka ya tashi, kai ka rufe. Ka sa wani ya zauna yana kallon allura, kai kuma ka rinƙa buɗe bawul ɗin kaɗan kaɗan, ɗan motsin yatsa kawai, har sai ya ce maka ta fara tashi. So ake ta hau a hankali cikin ƴan sakanni ta je ta tsaya cak. In ta yi tsalle ta haye nan take to ka buɗe da yawa, ka rage. In kuma ta yi nauyi sosai har ka taka totur bata nuna komai sai daga baya, ka ƙara kaɗan. Daga nan ka ɗaure ɗan notin da ke wuyan bawul ɗin don jijjiga kada ta canza maka saiti. Ka goge ko'ina ya bushe, ka naɗa farar takarda a kowace mahaɗa ka bar injin yana silo na ɗan lokaci, ɗigon da ido bazai gani ba takarda zata nuna shi. Bayan tafiyar farko ka sake dubawa.

Yanzu lambobin. Ƙa'idar kamfani itace kada ya gaza psi 10 a silo. Lafiyayyen famfo da sabuwar filta yawanci zaka ga wajen 14 zuwa 15 a silo, ya ɗan sauka kana tafiya, ya ƙara sauka in ka take totur. Layin da kusan kowa ya yarda ba a ƙetarewa shine psi 5, ƙasa da haka kana cutar famfo. Amma ni bana jiran 5, tunda bawul ɗin komawa tanki sai wajen 14 yake buɗewa sosai, duk yadda ka yi nisa ƙasa da nan sanyayawar tana raguwa, don haka in na ga mota tana sauka ƙasa da 10 da lodi to na fara neman dalili. Can sama kuma ba a son ya wuce wajen 20, fresha mai yawa lokacin tayarwa tana sa VP44 wahalar tashi, shi yasa ma kwamfutar motar take rage ƙarfin ƙaramin famfo yayin da sitata ke juyawa, in ka ga allura ta yi ƙasa a wannan lokacin ba matsala bace.

Abin da nake so ya zauna maka shine lambar silo ita ce mafi ƙarancin amfani a cikinsu duka. A silo injin ɗan mai kaɗan yake sha, ko famfon da ya kusa mutuwa zai iya nuna maka 12 yana tsaye a gareji. Gwajin gaskiya shine ka samu hanya mai hawa, mota ta yi zafi, in da hali da kaya a baya, ka sa babbar giya ka take totur har ƙasa ka riƙe na ƴan sakanni, wanda ke gefenka ya karanta maka inda allura ta tsaya. Ka yi wannan a makon farko da sabuwar filta, ka rubuta lamba uku, ta silo, ta tafiya daidai, da ta cikakken totur, ka ajiye a mota. Daga ranar da waɗannan zaka rinƙa auna komai, don motarka da ta wani ba lallai su zo ɗaya ba, musamman in an taɓa maida maka famfon cikin tanki, irin wannan lambarsa ta kan fi ƙasa.

In ka ga silo lafiya amma da ka taka sai ta zube, fara da filta, ita ce mai sauƙi kuma ita ce ta fi yawan laifi, kamfani ma cewa yayi bambancin fresha kafin filta da bayanta kada ya wuce psi 5. Ka canza filta bata gyaru ba, to ko famfo ya gaji ko akwai abin da ya toshe hanya daga tanki, ragar cikin tanki ko tiyon da ya lanƙwashe ko ya ruɓe ta ciki. In lambar ƙasa take a ko'ina har a silo, kafin ka yanke wa famfo hukunci ka sa mita ka auna wutar da ke isa gare shi, soket mai tsatsa yana sa lafiyayyen famfo ya yi kamar matacce, sannan a duba bawul ɗin komawa tanki ko sifirin ɗinsa ya saki. In allura tana hawa tana sauka ba tsari, musamman mai ya yi ƙasa a tanki ko a kan kwana, iska yake zuƙa, kuma yoyon ɓangaren zuƙa baya ɗiga a ƙasa balle ka gani, sai an sa tiyo mai haske an ga kumfa. A wurare masu tsananin sanyi kuma dizal yana daskarewa ya toshe filta da safe, shima a gejin zaka fara ganinsa. In kuwa kana tafiya ta faɗi sifili lokaci ɗaya kuma mota bata canza ba, kada ka ce ai sansa ce ka cigaba, wannan shine ainihin yanayin da na faɗa maka a sama. Ka sauka gefe ka kashe, ka taɓa ki ka saurara ko famfo na ƙugi, in ka isa gareji a jona gejin gwaji na hannu a ɗan bawul ɗin bakin VP44 a kwatanta. Dama yana da kyau tun ranar farko a yi wannan kwatancen don ka san ko gejinka yana ƙari ko ragi.

Wasu suna ƙara ƴar jar fitila da suwic mai kamawa in fresha ta sauka wajen psi 5, ina goyon baya sosai musamman in ba kai kaɗai ke tuƙa motar ba, don direban da bai san ma'anar allura ba ya san ma'anar jar wuta. Kuma ka sani geji baya gyara komai, in ya nuna maka famfon kamfani baya iya riƙe lamba da lodi, mafita itace famfo mai ƙarfi da ake ɗaurawa a jikin shasi kusa da tanki, irin su FASS ko AirDog, da tiyo mai faɗi, saboda famfon lantarki ya fi iya turawa akan zuƙowa.

Ga masu karantawa da motarsu ba irin ta malam bace, kada ku kwashi lambobin nan ku kai kan naku injin. Cummins mai bawul 12 da P7100 famfonsa na ƙarfe ne da kamshaf ke bugawa, freshansa ya fi haka kuma bugunsa ya fi tsanani, 0 zuwa 30 ya masa kaɗan. Ford mai Power Stroke 6.0 baya son ƙasa da psi 45 in ana son injektocinsa su yi rai, shi gejin 0 zuwa 100 ne nasa. Duramax 6.6 na motocin fikof kuwa kafin 2017 kamfani bai sa masa ƙaramin famfon turawa ba sam, babban famfo ne ke zuƙowa tun daga tanki, in ka sa masa gejin fresha sifili zai nuna maka har abada, gejin zuƙa yake buƙata. Masu manyan motoci na bolt 24 kuma ku duba kwalin kafin ku jona, yawancin waɗannan gejin na bolt 12 ne, zai ƙone nan take in babu abin rage wuta.

Kai dai malam in ka haɗa ka yi gwajin hawan, turo mana lambobin nan uku, ka faɗi ko famfonka yana jikin injin ne har yanzu ko an maida shi tanki, da kuma yaushe rabonka da canza filta, sai mu duba tare mu ga ko famfon zai kai ka ko canza shi za a yi tun yanzu.